Matar da Take Sayen Kifi Don Ya Ruɓe

A unguwarsu babu wanda ya san takamaiman aikinta. Ana dai ganinta da safe ta fito da jaka a kafaɗa, ta tsaya bakin titi tana jiran motar ma'aikata, da yamma kuma ta dawo da ɗan ɗigon launi a gefen yatsa ko a bakin hannun riga. Daga wannan ɗigon ne ƙannenta suka laƙa mata Shunayya. Sunan ya bi ta har wurin aiki, ya zauna mata daram, har mai gadin ƙofa da shi yake gaishe ta.

Innarta ce ta fi kowa shan tambaya. In maƙwabta suka ce, "Wai ita 'yar taki wane aiki take yi ne a can?" sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Rini take yi."

"To, wane irin kaya take rinawa?"

"Ba ta rina kaya. Rinin kawai take haɗawa, a zuba a kwalba, a naɗe kwalbar, a ɓoye a duhu."

Wata maƙwabciya ba ta gamsu ba, sai da ta aiko da wani zanenta da ya koɗe, wai a taimaka a ɗan tsoma mata shi. Shunayya ta yi dariya har da hawaye, ta mayar da zanen da kanta, ta ce, "Gwaggo, rinin da na yi wata guda ina haɗawa ko cokalin shayi bai cika ba. In na tsoma zanen nan, sai dai a samu ɗigo ɗaya a gefe."

Mahaifinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi a ƙarƙashin barandar wani kanti. Tun tana ƙarama take zama kusa da shi in an tashi daga makaranta, tana kallon yadda yake ɗaukar 'yar ƙusa da hantsaki yana riƙe numfashi har sai ya zaunar da ita. A wurinsa ta gaji hannu marar rawa da haƙurin zama wuri ɗaya. Burinta dai aikin jinya ne, kuma ta samu shiga makarantar. Ranar farko da aka kai su ɗakin ɗinkin rauni, aka buɗe ƙafar wani mutum, sai ta ji ɗakin yana juyawa. Farkawa ta yi ta ga ana yi mata fifita, shi kuma mai raunin yana leƙowa daga kan gado yana cewa, "Sannu, 'yata, Allah ya sawwaƙe." Ba ta sake komawa ba. Ta yi kwanaki tana kuka a ɗaka, daga baya Baba ya kai ta makarantar koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje, ya ce, "Can kwalabe ne, ba sa ihu."

Da ta gama ta samu aiki a wata cibiyar bincike da ke bayan gari. Ɗakinsu yana hawa na biyu, dogo ne, da tebura biyu na siminti da aka lulluɓe da farin tayil, da famfo a ƙarshen kowanne. A jikin bango akwai wani akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi, wanda in aka kunna shi sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Tagogin duk an saka musu labule mai kauri. Da wankin kwalabe ta fara, ta daɗe a kai, har shugaban ɗakin ya lura ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba.

Dakta suke ce masa. Gajeren mutum ne mai furfura, mai son gyaɗa, kuma da yake shi ya kafa dokar hana ci a cikin ɗakin, kullum za ka same shi tsaye a baranda yana ɓarewa yana leƙen aikinsa ta ƙofa. Shi ya kira ta wata rana, ya ɗaga wata 'yar kwalba a gaban fitila. Abin da ke ciki ƙananan duwatsu ne kamar gishiri, ruwan malmo, suna ƙyalli.

Ya ce, "Wannan fofirin sunansa. Kin san abin da ya sa jini yake ja? Wani ɗan zobe ne ƙanƙane, ido ba ya ganinsa, da ƙwayar ƙarfe zaune a tsakiyarsa. Ganye ma ɗan'uwan zoben nan ne ya sa shi kore. To mu nan muna ƙera zoben da kanmu, sai mu zaunar masa da ƙarfen tutiya a tsakiya. In ya samu tutiya yana shan haske sosai, kuma in wani abu ya zo ya manne masa sai ya canza launi. Abin da muke nema a wurinsa ke nan."

Shunayya ta kalli kwalbar ta ce, "Wato na gudu daga jini, na faɗo hannun ɗan'uwansa."

Dakta ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Daga ranar ya fara koya mata haɗin.

Aikin ba mai gaggawa ba ne. Za ta tafasa wasu ruwaye biyu a cikin wani ruwa mai tsami, mai wari kamar tsohon man shanu, har abin ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. In ya huce ta tace, ta wanke, ta sake wankewa, sai duwatsun nan masu ƙyalli su fito a kan takardar tacewa. Sannan ta narkar da su, ta zuba gishirin tutiya, ta bar shi yana juyawa har launin ya sauka daga ruwan malmo ya koma ruwan hoda mai duhu. Wurin da ta fi so shi ne tsarkakewa. Akwai wani dogon bututun gilashi da take cikawa da farin gari mai laushi, ta zuba rinin a sama, ta zauna a kan doguwar kujera tana kallonsa yana gangarowa a hankali, dattin ya tsaya a baya, shi kuma ya sauko shi kaɗai kamar an ɗaura wa bututun ɗamara. Ɗalibai kan gaji su fita shan iska. Ita kuwa takan ce a duk ranar aiki babu lokacin da hankalinta yake kwanciya irin wannan. In ta gama sai ta naɗe kwalbar da takardar alminiyam, don haske yana lalata shi in ya daɗe a kansa.

Haka ta yi shekaru. Ƙannenta suka yi aure, ta yi musu hidima, ita tana nan gidan iyayenta, ɗakinta fes, da rediyonta a bakin taga. Masu nema sun zo, ba ta ga wanda ya kwanta mata ba, Baba kuma bai taɓa matsa mata ba. Inna ce kawai takan yi tsaki lokaci-lokaci ta ce, "Ke dai kwalabe sun aure ki."

Sai Dakta ya zo da sabon bincike. Ya ce in kifi ya fara lalacewa akwai wani tururi da yake fitarwa tun kafin hanci ya ji, kuma tururin nan yana son tutiya. In aka ɗiga rinin a ɗan guntun takarda aka manna a murfin roba, aka rufe kifi a ciki, ɗigon zai riƙa juyawa daga ruwan hoda zuwa kore-kore yayin da kifin yake lalacewa. In abin ya yi kyau, wata rana mai saye zai kalli takarda kawai ya san halin da kifi yake ciki. Amma kafin nan sai an ruɓar da kifi mai yawa ana ɗaukar hoton ɗigon. Da aka zo maganar wanda zai riƙa zuwa kasuwa, duk ɗaliban suka sunkuyar da kai. Shunayya ta ɗauki kular ƙanƙara ta fita.

A layin masu kifi, teburin da ke kan kwana ya fi na kowa tsabta. Mai shi dogo ne, da tawul a wuya, yana jera karfasa a kan ƙanƙara kamar mai shirya kayan ado. Na Kwana ake kiransa. Ta tsaya ta ce tana son kifin da ya fi kowanne sabunta, wanda aka kamo yau.

Ya ce, "Malama, kin zo gida." Ya ɗaga murfin kunnen wani kifi ya nuna mata jan da ke ciki, ya danna jikinsa da yatsa naman ya dawo. "Dubi idonsa, kamar zai gaishe ki. In yanka ne?"

"A'a, bar shi yadda yake."

"In kankare ɓawon?"

"Kar ka taɓa shi."

Ta dawo bayan kwana biyu, ta sake dawowa, kullum iri ɗaya, girma ɗaya, har da ɗan sikelinta take zuwa. Tana tambayar ƙarfe nawa aka kamo shi, a wane ruwa, ya daɗe a ƙanƙara ko bai daɗe ba. Maƙwabtansa suka fara raɗa cewa ma'aikaciyar duba-gari ce ta ɓad da kama. Na Kwana ya shiga wanke teburinsa har katakon ya fara fari. Da abin ya ishe shi, wata rana ya ajiye wuƙa ya ce, "Malama, don Allah in tambaye ki. Duk kifin nan da kike saye, ba ki taɓa ce mini ya yi daɗi ko bai yi ba. Soyawa kike yi ko dafawa?"

Ta ce, "Ai ba ci muke yi ba. Ajiye shi muke yi ya ruɓe."

Ya tsaya yana kallonta, baki buɗe. "Ya ruɓe?"

"Ƙwarai. Har ya yi ɗoyi."

"Kifina? Wanda nake zaɓar miki da hannuna?"

"Shi ya sa nake zuwa wurinka. Naka ya fi daɗewa kafin ya lalace."

Bai san ko yabo ne ko zagi ba. Ya goge hannu da tawul, ya ce shi fa tun yana saurayi yake wannan sana'a, bai taɓa jin an sayi abinci don a wulaƙanta shi ba. Ta yi masa bayanin takarda da ɗigo iyakar iyawarta, a tsaye cikin hayaniyar kasuwa, ƙudaje na yawo. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna hancinsa ya ce, "Wannan fa? Aikin me yake yi?"

Ta ce, "Ba kowa ke da irin naka ba. Kuma in kana mura fa?"

Ranar bai yi mata gyara ba. Amma da ta dawo, shi ya fara tambaya: "Yaya mutanena? Sun ruɓe lafiya?"

Da Dakta ya ji labarin, ya ce a gayyato shi, don dama suna bukatar wanda ya san kifi ya riƙa shinshinawa a gwada da takardar. Na Kwana ya zo ranar da ba ya fita kasuwa, cikin sabuwar riga, ya sha turare. Dakta ya tare shi a ƙofa ya ce turaren zai rikita gwajin, sai da ya je famfo ya wanke wuya da hannuwa. Shunayya ta ba shi farar riga da safar hannu. Rigar ta yi masa kaɗan, hannuwansa suka fito zangal-zangal, ɗaliban suka juya baya suna danne dariya.

Aka jera masa robobi a kan tebur. Yana buɗewa yana shinshinawa yana yanke hukunci, ita kuma tana duba ɗigon da ke murfi. Kusan duka bakinsu ya zo ɗaya da takardar. Sai a roba ɗaya ya ce, "Wannan lafiyarsa lau, ni da kaina zan ci." Ɗigon kuwa ya fara juyawa kore.

Ta ce, "Takarda ta ce ya kama hanya."

"Takarda ba ta taɓa cin kifi ba."

Aka rufe robar aka ci gaba da hira. Dakta ya ja shi baranda ya ba shi gyaɗa, suka shiga labarin ƙanƙara da wahalar wutar lantarki. Kafin la'asar aka sake buɗewa. Na Kwana ya kai hanci, ya ja da baya. Can ya ce, "To ai zafin ɗakinku ne. A teburina da ya kai gobe." Har yau bai sauka daga kan wannan maganar ba.

Daga nan ya zama ɗan gida. Yana zuwa duk sati, kuma ya fara kawo kifi kashi biyu, ɗaya na gwaji, ɗaya a naɗe daban. Ya ce, "Wannan na Inna ne. Don Allah kar ki kai shi sama, ki bari a ci." Likitar kifi yake ce mata. In ta zo kasuwa sai ya share mata benci, ya bar masu saye suna jira, har tsohuwar da ke sayar da kayan miya kusa da shi ta ce, "Tuzurun nan, ka faɗi abin da ke bakinka mana, ka bar mu mu huta."

Ya faɗa ɗin, amma a karkace. Yana ɗaure mata kula ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ni dai ban yi karatu mai zurfi ba, kuma duk sabulun duniya ba ya raba ni da ƙarni. Ƙannena na tsaya na raina, shi ya sa na kai yanzu. Ban sani ba ko Baba yana karɓar baƙi."

Ta ɗauki kular ta ce, "Yana nan ƙarƙashin baranda kullum. Amma ka tafi da agogo, ba ya son a zauna masa hannu rabbana."

Ya je da wani tsohon agogon bango da ya daina aiki tun zamanin mahaifinsa. Baba ya buɗe bayansa, ya daɗe yana dubawa, yana yi masa tambayoyi ba tare da ya kalle shi ba. Da yamma ya ce wa Inna, "Mutumin yana da natsuwa. Agogon ne dai ba zai tashi ba." Yayanta kuwa da ya ji, ya riƙe ciki ya ce, "Shi yana hana kifi ruɓewa, ita tana ruɓar da shi. Wallahi gidan nan ba za a rasa abin faɗa ba." Inna ta jefe shi da mafici, amma ita ma dariya take yi.

Bayan an ɗaura aure suka kama gida mai ɗaki biyu tsakanin kasuwa da tashar motar ma'aikata. Shi yake riga ta fita. In sun dawo da yamma akwai bokiti biyu a tsakar gida, kowa da nasa, kuma kowa yana cewa warin ɗayan ya fi. Shi ya ce nasa aƙalla na abinci ne, nata kuwa ko kyanwa ba ta san sunansa ba. Allah ya ba su 'ya mace, daga baya namiji. Duk lokacin da take da ciki Dakta yakan hana ta kusantar akwatin hayaƙi, ya mayar da ita wurin ɗaukar hotuna, ita kuma tana zaune tana cizon yatsa tana kallon ɗalibai suna cika mata bututu a karkace.

Takardar kifin ba ta kai kasuwa ba. Tana aiki a ɗaki, amma in danshi ya yi yawa sai ɗigon ya rikice, kuma kuɗin binciken ya ƙare kafin a shawo kan wannan. Dakta ya rubuta abin da suka gano aka buga a wata mujallar masana, ya saka sunanta a cikin marubuta, a ƙasa kuma ya yi godiya ga mai kifin. Wasu masu bincike a wata ƙasa suka rubuto suna tambayar yadda take tsarkake rinin, ta zauna da Dakta suka ba su amsa. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai, ta yi sati tana faɗa wa duk wanda ya zo gidan. Bayan 'yan shekaru Dakta ya yi ritaya. Wadda ta gaje shi tsohuwar ɗalibarsa ce, wadda Shunayya ta koya wa riƙon kwalba, don haka ko da ta zama shugaba Anti take ce mata.

Sabuwar shugabar ta juya akalar ɗakin zuwa hasken rana. Yanzu ƙananan gilasai ake shafa wa wani farin ƙulli a gasa su, sai Shunayya ta jiƙa su a cikin rinin tutiyar su kwana, su fito sun sha launi. In aka haɗa gilashi biyu aka saka waya aka kai rana, rinin ya sha haske, sai 'yar wutar lantarki ta fito. Gilasan farko ba su ba da komai ba sai motsin allurar na'urar auna wuta. Aka yi ta canza haɗi, ita tana ta tafasawa da tacewa, yanzu da tabarau a hanci. An yi mata tayin komawa ofishin kula da kaya, inda akwai kujera mai laushi da na'urar sanyi. Ta yi godiya, ta ce a ba wani, ita ba ta iya zaman da babu abin kallo.

Ranar da suka jera gilasai da yawa suka haɗa su da wata 'yar fanka ta roba, kamar ta wasan yara, maigidanta ya zo ɗaukarta a babur don motar ma'aikata ta lalace. Ya same su duk a baranda sun yi cirko-cirko. Shugabar ta ce, "Anti, ke za ki cire." Shunayya ta janye kwalin da ya rufe gilasan. Fankar ta yi ɗan motsi, ta tsaya, sannan ta kama juyawa. Ɗalibai suka sa ihu.

Na Kwana ya durƙusa ya kai fuska kusa, iskar ko gashin girarsa ba ta kaɗa ba. Ya sa tafin hannu ya tare rana, fankar ta tsaya. Ya janye, ta tashi. Ya sake yi, ya sake yi, har sai da ta buge masa hannu.

Ya miƙe ya ce, "Yanzu wannan zai iya ɗaukar firjina?"

Shugabar ta yi dariya ta ce, "Kawu, da sauran tafiya. Wataƙila sai jikokinka."

Ya ce, "Ba komai. A dai rubuta sunana a farkon layi, kar wani ya riga ni."

Shunayya ta kwashe gilasan ta mayar ciki, ta rufe su, ta wanke hannu ta rataye farar rigarta a ƙusa. Da suka sauko ya tayar da babur, ta hau baya, ta ce masa ya bi ta wurin Baba, don ta yi masa alkawarin kai masa maganin ido tun shekaranjiya.